Tsurar sandar da na zaɓa don gadar Nabar

Duk wanda zai haɗa sandar fatsa da hannunsa, abin da zai fara saya shi ne tsurar sandar: doguwa, mai rami a ciki, mai kauri a gindi da siranta a kai, babu zobba, babu mariƙi, babu mazaunin injin naɗe zare. Zobe in ya karye a yanke zarensa a ɗaura wani, mariƙi in ya tsufa a sake shi. Tsurar kuwa yadda ka saye ta haka za ka zauna da ita, shi ya sa na fi daɗewa a kan zaɓenta fiye da haɗin gaba ɗaya.

Inda nake kamun kifi shi ne gadar Nabar, a arewa maso yammacin jihar Fulorida ta Amurka, kusa da Fensakola. Gada ce da ta miƙe cikin teku tsawon ƙafa 1,545, an buɗe ta a 2010 bayan guguwoyin 2004 da 2005 sun lalata tsohuwar. Daga inda mutum yake tsaye zuwa ruwa ƙafa 30 ne, wajen mita 9. Wannan tsayin shi ne ya yanke mini kusan duk hukuncin da na yi. Mai kwalekwale yana kusa da kifinsa, yana iya bin sa. Kai da ke bisa gada ba ka da inda za ka, ga mutane a dama da hagu kafaɗa da kafaɗa, ga ginshiƙan kankare a ƙarƙashinka da ƙananan halittun ruwa masu kaifin ɓawo suka lulluɓe, zare na taɓa su ya tsinke.

Kifin da nake nema shi ne kin makarel, babban ɗan'uwan titus ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Haƙoransa na yanke zare, don haka ana sa guntuwar waya kafin ƙugiya. Abincin da ake maƙala masa wani ɗan kifi ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, galibi daskararre ake sayen sa, in ya narke namansa ya yi taushi. Kuma haka ake jefa shi, ba dalmar ƙara nauyi. Ga matsalar: sanda mai tauri in ka wurga da ita da ƙarfi, ƙugiyar ta tafi gabas, ɗan kifin ya tafi yamma, tsuntsayen teku su ci rabonsu. Ana son sandar da za ta lanƙwasa a hankali ta ɗauki nauyin nan kaɗan, ta sake shi ba tare da fizga ba.

Abubuwa biyu ne a jikin tsura da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai ƙarfinta, wato nauyin da za a rataya mata kafin ta lanƙwasa. Akwai kuma inda take lanƙwasawa: wata daga can kai kaɗai, wata har zuwa tsakiya, wata kusan har gindi. Sanda na iya zama mai ƙarfi ƙwarai amma ta lanƙwasa har tsakiya, wata kuma ba ƙarfi amma kanta kaɗai ke motsi. Ni abin da nake so shi ne kai mai laushi, lanƙwasa ta sauko zuwa wajen tsakiya, daga nan ta tsaya cak ta ƙi ci gaba. Laushin kan yana da amfani na biyu. Kin makarel in ya ji ƙugiya yakan yi wani gudu na farko mai ban tsoro, inji na kuka, kuma ƙananan ƙugiyoyin nan masu baki uku sau da yawa fatar gefen baki kawai suke riƙe. Kai mai laushi shi ke shanye fizgar. Taurin gindin kuma na ƙarshen faɗa ne, lokacin da kifin ya gaji ya zo ƙarƙashin gada yana neman ginshiƙi, kai kuma dole ka juyo da kansa.

Sai abin da aka yi ta da shi. Girafait, wato zaren kabon, ba ya da nauyi, kuma ko ɗan taɓi kifi ya yi wa ƙugiya za ka ji a tafinka. Amma ba ya haƙuri da bugu. A gada sanda tana jingine da shinge, iska ta kayar da ita, wani ya taka, keken kaya ya goge ta. Ƙaramin rauni da ido ba ya gani shi ne inda za ta ɓalle ranar da babban kifi ya zo. Haka kuma in ka ɗaga ta tsaye sosai alhali kifin na ƙarƙashin ƙafarka, nauyin duka ya koma kan siririn kai, kuma a gada wannan tsayuwar ba ta kaucuwa. Faibagilas, wato zaren gilashi da aka daskare da gam, ya fi nauyi, amma yana da juriyar jaki, a buge shi a lanƙwasa shi ya dawo. Tsofaffin masuntan gadar da yawa har yau shi suke riƙewa. Ni na tsaya a tsakiya: tsura mai faibagilas a kai, girafait a gindi. Kamfanoni irin su Calstar da Seeker sun daɗe suna yin irin wannan haɗin.

Rubutun da ke jikin tsura na karanta shi, amma ban dogara da shi ba, domin abin da wannan kamfani ya kira matsakaiciya wancan zai kira mai ƙarfi. Na je shagon wani dattijo mai haɗa sanduna, ya fito mini da tsura uku. Muka ɗaure gindin kowace a tebur, muka manna zobe a kai da tef, muka rataya gorar ruwa guda a kan dukkansu, na koma gefe ina kallon bakan da kowace ta yi a jikin farin bango. Ɗaya kanta kaɗai ya sunkuya. Ɗaya ta lanƙwashe har wajen mariƙi. Ta ukun ta sauko zuwa tsakiya ta tsaya. Sannan ya riƙe kan, ya ce in ja kamar da kifi nake, don in ji inda nauyin ke sauka a bayana da gwiwar hannuna. Wanda ba shi da shago kusa yana iya yin oda daga dillalai irin su Mud Hole da ke Obiyedo kusa da Olando, amma ya nemi wanda ke da irin tsurar ya taɓa ta tukuna.

Tsawo na ɗauki ƙafa 8, guda ɗaya ba haɗi, mai ɗaukar zaren da ke jure nauyin laba 15 zuwa 30. Ƙafa 9 ta fi nisan jifa, kuma masu farautar kobiya, wani babban kifin teku, a watannin Maris da Afrilu sun fi son ta don wurga ƙugiya mai dalma da gashi. Amma doguwar sanda kifi take ba ƙarfi a kanka, ga wuyar juyawa cikin cunkoso, ga shigar da ita mota.

Ɗan yayata da ke taya ni juya sandar lokacin shafa gam ya ce, "Kawu, wannan za ta iya ɗago kifi har sama?" Na ce masa ba aikinta ba ne. Babban kifi a gada da ƙugiya mai igiya ake ɗago shi, ko da raga mai da'ira da ake zurawa. Wanda ya zaɓi tsura don ɗaga kifi ƙafa 30 zai ƙare da sandar da ba ta jefa komai.

Kafin ɗaurin, na jingina kan tsurar a tafina, gindin a ƙasa, na mirgina ta har na ji inda take tsalle ta zauna, na yi alama, na jera zobba a kan wannan layin. Zobban kamfanin Fuji na sa, masu jure gishiri, na fara manna su da tef, na zura zare na ja, na matsa da su har zaren ya bi bakan sandar ba tare da kusurwa ba. Mariƙin baya na auna shi da hannuna, daga gwiwar hannu zuwa tafi da ɗan ƙari, don gindin ya samu wurin zama a cikina lokacin ja.

A ruwa ta yi abin da na saye ta dominsa: ɗan kifin yana isa inda na nufa a jikin ƙugiyarsa. Nauyinta ya ɗan fi na girafait zalla, kuma zuwa la'asar kafaɗa tana faɗa mini. In zan haɗa ta kobiya, ƙafa 9 zan ɗauka, mai kai da ya fi wannan tauri, domin dalma ba ta faɗuwa daga ƙugiya, kuma bakin kobiya yana da tauri, sai an soka da ƙarfi.