Kwamfutar da Ba Ta Tona Asiri

Masu wucewa ta gaban shagona a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina ɗauka suke gyaran kwamfuta kawai muke yi. Muna yi ɗin, amma aikin da nake tinƙaho da shi daban ne: in haɗa wa mutum kwamfutar tebur da zai riƙa zuba awon hawan jininsa da na suga da sakamakon gwajin asibiti, ta zana masa yadda jikinsa ke tafiya, ba tare da ta taɓa hawa intanet ba.

Sanadin mahaifina na faro, Allah ya jiƙansa. Yana da ɗan littafi irin na 'yan firamare da yake rubuta awonsa safe da yamma. Lokacin ina yaron shago a wani wurin buga takardu, kuma maigidana kullum maganarsa ke nan: "Kai yaro, takardar da aka ba ka, idonka ne ya gani, ba bakinka ba." Wata rana na kwashe lambobin Baba na wata shida na zuba a Excel, manhajar jadawalin lissafi. Sai ga layin awon jininsa yana haura 140/90, inda ake cewa jini ya hau, duk ƙarshen wata. Ashe maganinsa ke ƙarewa, shi kuma kunya ta hana shi gaya mana.

Zuba lamba kowa na iya yi, gane ta ne aiki. Na'urar suga ta gida galibi da mg/dL take awo, takardun ɗakin gwaji da yawa kuma da mmol/L. Wata Hajiya ta zo hankalinta a tashe: takarda ta ce 7.8, na'urarta ta ce 140. Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, a raba 140 da 18, abu ɗaya ne." Tun daga ranar duk jadawalin da muka haɗa shi ke juya awon da kansa. Na kafin karin kumallo da gurbinsa, na bayan cin abinci da nasa, watan azumi ma muna ware shi saboda lokutan ci sun canja. Ni dai ba likita ba ne, kuma ba na bari yarana su yi kamar su ne. Ka buga shafin, ka kai wa likitanka.

Sai kulle. Muna cire katin wayales ɗungurungum, mu rufe fayil da manhajar kulle bayanai ta VeraCrypt, mai kwamfuta ya sa kalmar sirrinsa ina juya masa baya. Ko dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, mu kuwa a Katsina mun san yadda labarin ciwon mutum ke ɓata zancen aure.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Yaro zai leƙo sau biyu, ya je ya buɗe rumfa, ya ɗora wa mutane Windows na sata mai cike da bairos, ya karɓi rabin kuɗinmu. Sannan Alhaji ya zo yana cewa, "Malam, can fa an yi min sauƙi." Ranka ya daɗe, to me ya dawo da kai?

Dillalai ma ba su bar ni ba. Bara wani ya aiko min da filas guda 20, an rubuta 64GB a jiki, na gwada, ko 8 ba su ɗauka. Da na ajiye wa wani awon shekara uku a kai fa? Yanzu duk filas sai na cika shi maƙil na sake karantawa kafin ya fita daga shagon nan, ko da zai kai ni la'asar. Biyu muke bayarwa, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a jefa cikin akwatin uwargida.