Tafiya zuwa Atacama, Wurin Masu Duba Ƙurar Taurari

Jirgin da ya ɗauke mu daga Santiago, babban birnin ƙasar Chile, ya yi kusan sa'o'i biyu yana nausawa arewa kafin ya sauka a Calama, garin masu haƙar jan ƙarfe da ke tsakiyar hamadar Atacama. Daga nan mota ce ta kai mu San Pedro, tafiyar kilomita kusan 100, wadda babu abin da ido yake gani a gefen hanya sai jan dutse da tsakuwa da farin gishiri. Na taso a inda aka san rani, amma bushewar wannan wuri ta wuce duk abin da na sani. Kafin gari ya waye leɓɓana sun tsage, hancina yana zafi, man kaɗanyar da na taho da shi kuwa ya zama abin da 'yan ayarinmu suke roƙo.

Wannan bushewa ita ce ta jawo masana taurari zuwa nan. Cibiyar ALMA, wadda muka zo gani, ba hasken da ido yake gani take kamawa ba. Wata igiyar rediyo ce mai gajeren zango, wadda ƙura da iskar gas masu tsananin sanyi suke fitarwa a sararin samaniya, kuma laimar da ke cikin iska tana shanye ta kafin ta iso ƙasa. Saboda haka ƙasashen Turai da Amurka da Japan da abokan aikinsu suka haɗa hannu da Chile, suka kafa manyan farantai 66 masu kama wannan igiya a kan tudun Chajnantor mai tsayin mita 5,000, inda iska ba ta da kauri kuma ba ta da laima. An ƙaddamar da cibiyar a watan Maris na 2013.

Baƙi ba sa hawa can sama. Bas ta ɗauke mu da safe ta tsaya a sansanin aiki da ke mita 2,900, aka bayyana mana cewa ma'aikatan da ke hawa tudun ma sai an gwada lafiyarsu, kuma da tulun iskar shaƙa suke aiki. Raina bai so haka ba, amma da na hau 'yan matakala kaɗan na ji numfashina yana sarƙewa, sai na yarda cewa dokar tana da hujja. A sansanin muka tsaya kusa da faranti ɗaya da aka sauko da shi don gyara: faɗinsa mita 12, nauyinsa wajen tan 100, fuskarsa kuma an daidaita ta ta yadda karkacewarta ba ta kai kaurin gashin mutum ba. Akwai manyan motoci biyu, Otto da Lore, kowace mai tayoyi 28, waɗanda suke ɗaukar farantan su sauya musu mazauni. In an ware su har tazarar kilomita 16, sai wata babbar kwamfuta ta haɗa abin da kowanne ya kama, su zama tamkar madubi guda mai wannan faɗin.

Abin da ya fi tsayar da ni a ɗakin sarrafawa shi ne hoton tauraron HL Tau, wanda aka fitar a watan Nuwamba na 2014. Tauraron yana da nisan da haske zai yi shekara kusan 450 yana tafiya, kuma jariri ne a cikin taurari, domin da kyar in ya kai shekara miliyan ɗaya, alhali ranarmu ta kai biliyan huɗu da rabi. Kewaye da shi akwai ƙura da gas da suka baje kamar faifai, zobe bayan zobe, da baƙaƙen layuka a tsakaninsu. Masana da yawa suna ganin cewa waɗannan layukan hanyoyi ne da ƙananan duniyoyi suka share yayin da suke kewaya tauraron suna tattara ƙura, abin da ya ba su mamaki, domin ba su zaci aikin yana farawa da wuri haka ba. Wasu kuma suna ganin wasu layukan suna fitowa ne a inda sanyi yake daskarar da wani nau'in gas. Na ji daɗin yadda mai yi mana bayani ta kawo ra'ayoyin biyu ba tare da ta danne ɗaya ba.

Da dare wani ɗan garin mai ƙaramar na'urar hangen nesa ya fitar da mu bayan gari. Watan Disamba ne, kuma wata bai fito ba. Kaza da 'Ya'yanta na fara nema, na same su can arewa, ya nuna mini cewa HL Tau yana wannan yanki na sama, ko da yake ƙurar da ta lulluɓe shi ba ta barin a gan shi da irin na'urarsa. Daga nan ya juya mu kudu, ya nuna wasu farare biyu da na ɗauka gajimare ne. Tarin taurari ne masu maƙwabtaka da namu, ana kiransu Gajimaren Magellan, kuma daga arewacin Najeriya babban cikinsu ba ya ɗagowa sosai daga ƙasa.

A cikin babban ne wani tauraro ya fashe, haskensa ya iso duniya a watan Fabrairu na 1987 bayan tafiyar shekara kusan 168,000. Masanin taurari Ian Shelton ya gan shi a hoton da ya ɗauka a cibiyar Las Campanas da ke kudu da inda muke, Oscar Duhalde kuma, ma'aikacin wurin, ya lura da shi da idonsa. Tun 1604 ba a ga irin wannan fashewa kusa haka ba. Tauraron ya ninka ranarmu nauyi wajen sau ashirin. Da makamashinsa ya ƙare sai cikinsa ya rufta, sauran jikinsa ya watse. Sa'o'i kaɗan kafin hasken ya bayyana, na'urorin da ke ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama ƙwayoyin niyutirino ashirin da 'yan kai, wato wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da cikin tauraro yake fitarwa in ya rufta, waɗanda suka tabbatar da abin da masana suka daɗe suna lissafawa a takarda.

'Yan ayarinmu sun fi sha'awar fashewar kanta, amma ni abin da ya biyo bayanta ya fi jan hankalina. A 2014 aka sanar cewa ALMA ta gano sabuwar ƙura mai sanyi a tsakiyar ɓaraguzan, wadda nauyinta ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na rana. Irin wannan ƙura ce take watsuwa ta gauraya da gas, daga baya ta taru ta zama faifan wani sabon tauraro irin wanda na gani da safe. A 2024 kuma na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta samo shaida mai ƙarfi cewa ƙwayar tauraron da ta rufta tana nan a ɓoye cikin ƙurar. Da na leƙa na'urar mutumin ban ga ɓaraguzan ba, domin sun yi ƙanƙanta. Abin da na gani shi ne hazon Tarantula, wani tarin gas da ƙura da ke kusa da su, inda sababbin taurari suke ta kunno kai.

Wanda yake da niyyar zuwa ya yi rajistar ziyarar cibiyar tun da wuri, ya kuma daidaita tafiyarsa da ƙarshen wata ko farkon tsayuwarsa, domin farin wata yana shafe Gajimaren Magellan. Ya riƙe rigar sanyi mai kauri ko da a lokacin zafi ne, ya kuma guji Janairu da Fabrairu, lokacin da hadari yakan taso daga ɓangaren Bolibiya ya rufe sama.