Yadda ƙwaƙwalwa ke raba karin sauti da wasali a Sinancin Mandarin

Gaɓar "ma" a Mandarin tana iya nufin uwa, ko tsiron da ake tufka igiya da shi, ko doki, ko zagi, gwargwadon karin sautin da ta ɗauka. A ma'aunin hawa 5 da masanin harshe Chao Yuen Ren ya tsara a 1930, inda 1 ne ƙasan murya, 5 kuma samanta, kari na farko 55 ne (daga 5 zuwa 5), a sama yake tsaye. Na biyu 35, hawa yake yi. Na uku 214, ya nutse ya taso. Na huɗu 51, faɗowa yake yi.

Kari da wasali tare suke isa kunne, amma tushensu daban. Kari daga saurin karkarwar tantanin maƙwallato yake, wajen sau 120 a daƙiƙa ga namiji, sama da 200 ga mace. Wasali kuwa matsayin harshe da leɓɓa ne ke siffanta shi.

Tun a gindin ƙwaƙwalwa ake fara tacewa. Masu bincike Krishnan da Gandour na Jami'ar Purdue a Amurka sun nuna a 2005 cewa jijiyoyin wannan wuri a masu Mandarin sun fi na masu Turanci bin hawa da saukar kari daidai, ko da mutum bai mai da hankali ba. Daga nan, cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke fin amsa sauyin kari; idan aka zo ga ma'anar kalma, hagu ya karɓa. Masu cewa "kari na dama ne, wasali na hagu" sun yi gaggawa, domin rabon aikin ya danganta da lokaci da kuma harshen da mutum ya tashi da shi.

Lokacin nan shi ne matsalar. Da zarar wasali ya fara an gane shi, amma kari sai an bi layinsa. Kari na biyu da na uku duk ba daga sama suke farawa ba, inda suke juyawa sama ne ya raba su, shi ya sa ɗalibai suka fi rikita su. Ƙari ga haka, idan na uku biyu suka jeru, wanda ya fara zuwa ya koma kamar kari na biyu, kamar a gaisuwar "ni hao". Sannan dole ƙwaƙwalwa ta auna kari da muryar mai magana, tunda saman muryar namiji na iya zama ƙasan ta mace. Don haka koyon kari daga bakin mutum ɗaya yaudara ce. A saurari muryoyi da yawa, cikin kalmomi masu gaɓa biyu.

Na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne galibi tana da wayoyi 12 zuwa 22 kawai. Sun isa isar da wasula, amma ba sa kawo karkarwar murya sosai. Masu ita sai su dogara da tsawon gaɓa da ƙarfinta, kamar mai sauraron raɗa: kari na uku ya fi tsawo, na huɗu ya fi gajarta.