Galaxy A15 ko Redmi Note 13? Abin da lambar kamara ba ta faɗa maka

Wanda ya shiga shagon waya a Birnin Kebbi ko Gusau da matsakaicin kuɗi, ya ce wayar shafa yake so mai ɗaukar hoto da kyau, yana iya ganin an ajiye masa waɗannan biyun a kan kanta: Samsung Galaxy A15 da Redmi Note 13, dukansu na 4G. Ta farko ta fito a ƙarshen 2023, ta biyu a farkon 2024, ana iya samunsu sababbi a kwali, ana kuma samun na hannu. Batirinsu ɗaya, 5000 mAh. Allonsu AMOLED, wato irin allon da kowane ɗigonsa ke ba da haskensa da kansa. Daga nan sai yaron shago ya jefo maganar da ke ruɗa mutane: "Alhaji, wannan fa 108 ce, waccan 50 ce kawai."

Megafiksil na babbar kamara yake nufi, 108 a Redmi, 50 a Samsung. Lambobin gaskiya ne, amma ba haka wayar ke aiki da su ba. A bayan gilashin kamara akwai ɗan faifai mai karɓar haske, an yanka shi ɗigo-ɗigo, kuma megafiksil ƙidayar ɗigon ce. Idan aka cusa ɗigo miliyan 108 a ɗan wurin da bai kai farce ba, kowane ɗaya sai ya yi ƙanƙanta, hasken da yake sha bai taka kara ya karya ba. Saboda haka Redmi tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da take ba ka na yau da kullum ya tsaya a megafiksil 12. Samsung tana haɗa huɗu, nata ya fito 12.5. Ka ga kenan girman hoton da ke shiga ma'ajiyarka kusan ɗaya ne. Ana iya kunna cikakken 108 ɗin da hannu, sai dai yana son rana tsaka da hannun da ba ya rawa, yana cin wuri, kuma da ka tura shi ta WhatsApp za a matse shi.

Inda 108 ɗin ke biyan kuɗinta shi ne jawo abu daga nesa. Redmi tana yanko tsakiyar faifan ta ba ka ninki uku ba tare da hoton ya dagule sosai ba. Dillalin da ke ɗaukar hoton sa a kara don ya tura wa mai saye a Kudu, ko mai son nuna buhunan albasa a Aliero daga bakin mota, zai ga amfanin wannan. A Samsung, da ka wuce ninki biyu gashin dabba da rubutun buhu sai su fara narkewa. Kamarar da ke ɗaukar fili mai faɗi ma ta Redmi ta ɗan fi, 8 ce a kan 5. Ta ukun kuwa, mai megafiksil 2 da aka ce ta ɗaukar abu kurkusa ce, a wayoyin biyu ado ce kawai, kada ka saka ta a lissafi.

Akwai rauni guda da suka yi tarayya a kai: babu wadda ke da na'urar da ke riƙe gilashin kamara idan hannu ya motsa. Bayan magariba, ko a ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ke ci, wayar kan bar idonta a buɗe ya ɗan jima don ta tara haske, kuma duk motsin da aka yi a wannan lokacin sai ya bar inuwa a hoton. Bidiyonsu ma iyakarsa 1080p, wato bai kai tsabtar na manyan wayoyi ba. Mai ɗaukar biki da dare don a biya shi, gara ya ƙara kuɗi ya hau aji na gaba.

Tun da takarda ba ta raba gardama ba, gwaji a shago ne zai raba. Da farko a ɓare ledar da ke kan gilashin kamara, a goge shi da gefen riga, a kashe abin gyaran fuska. Sai ka tsayar da mutum a bakin ƙofa, hasken waje yana bayansa, ka ɗauka da kowace. Wannan shi ne gwaji mafi wuya ga baƙar fata: wata wayar za ta mai da fuskar duhu, wata ta wanke ta ta yi fari kamar an shafa hoda. Bayan haka ka ɗauki rasit ko kwalin magani, ka buɗe hoton da yatsu biyu ka ga ko ƙananan haruffan gefe suna karantuwa. Ka nemi lungu mafi duhu a shagon ka ɗauka. Na ƙarshe, wani ya kaɗa hannu, ka ga wadda ta kama yatsun. Amma kada ka yi hukunci a kan allon kowace, domin allo yana ƙara wa hoto kala. Tura hotunan duka zuwa waya guda ta uku, a matsayin fayil don kada a matse su, ka duba su a can.

A ganina, da rana tazararsu a hoto ba ta kai a yi musu ba. Sauran kayan ne ya kamata su yanke hukunci.

Allon Redmi ya fi girma kaɗan, inci 6.67 a kan 6.5, kuma ya fi haske a rana, abin da ɗan acaba ko mai aikin gona a fadama zai lura da shi nan take. Tana da lasifika biyu, Samsung ɗaya. Tana da shaidar IP54, wato tana jure ƙura da yayyafi, ba nutso a ruwa ba. Na'urarta ta karanta yatsa kuma a cikin allo take, kuma a nan ne take ba da haushi: idan hunturu ya busar da fata, ko aka manna mata gilashin kariya mai arha, sai ka danna sau uku ba ta buɗe ba. Ta Samsung a maɓallin gefe take, ba ta cika wannan gardamar ba.

Caji ya fi komai muhimmanci inda wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama. Redmi tana shan wat 33, kuma kan cajarta yana cikin kwali. Samsung wat 25 take sha, kwalinta igiya kawai ke ciki, mai bakin USB-C ta kowane gefe. Dole ka sayi kan caja daban, kuma idan ka ɗauki na banza a tebur, za ta yi ta jan caji kamar ba ta so. Ka haɗa kuɗinsa cikin farashi kafin ka ce ta fi sauƙi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankin nan, kowace waya tana rage gudun caji da kanta idan ta yi zafi. Cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa, kada a ƙarƙashin matashi ko a gaban mota.

Ta wajen ƙwaƙwalwa, Helio G99 na Samsung ya ɗan fi Snapdragon 685 na Redmi kuzari, amma akwai tarko. A15 tana da samfurin da ram ɗinsa, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe, 4 ne kacal, kuma shi ne ake yawan karya wa farashi. Wannan zai riƙa rufe maka manhajar banki da zarar ka leƙa saƙo don kwafo lamba. Nemi mai 6 ko 8. Idan aka ce maka "8 da ƙarin 8", na biyun aro ne daga ma'ajiya, bai kai na gaske sauri ba.

Babban abin da ke riƙe Samsung shi ne shekaru. Ta zo da Android 14, kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar. Redmi da Android 13 ta zo, kuma tallace-tallace kan leƙo a wasu manhajojinta sai an bi an kashe su ɗaya bayan ɗaya. Mai canza waya duk bayan shekara biyu, mai yini a rana, Redmi ta fi masa. Malamin makaranta ko uwar gida da za su riƙe ta har ta tsufa, Samsung mai ram 6 ko 8.

Kafin ka miƙa kuɗi, karanta cikakken sunan da ke jikin kwali, domin akwai Note 13 ta 5G da Pro, akwai kuma A15 ta 5G, kayan cikinsu daban. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta kwali. Zaro tiren layi ka ga ko zai ɗauki layi biyu da memori a lokaci ɗaya, ko sai ka bar ɗaya. Idan ta hannu ce, buɗe baƙin hoto a wuri mai duhu: AMOLED na asali baƙi ƙirin yake, wanda aka canza da mai arha sai ya yi toka-toka, kuma a Redmi yakan kashe karatun yatsa gaba ɗaya. Mai ita ya cire asusunsa na Google da na kamfanin a gabanka, sannan a goge wayar, in ba haka ba za ta kulle a hannunka.