Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a ambaliyar Maiduguri

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, mun koma gidanmu a Gwange. A madadin iyalina da maƙwabtanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tallafe mu tun ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya cikin gari. Dattawa sun ce rabon Maiduguri da irin wannan ruwa tun 1994. Bai bar Monday Market ba, bai bar fadar Shehu ba, balle ginin ƙasa na talaka.

Samarin da suka shiga ruwa har wuya da igiya suna fito da tsofaffi da yara, yawancinku ko sunanku ban sani ba, Allah Ya san ku. Sojojin da suka kwashe mu a manyan motoci, da matan da suka ɗora tukwane suna kai abinci sansanin Bakassi, Allah Ya saka da alheri.

Akwai wata baiwar Allah, Kirista, ma'aikaciyar jinya, da ta ɗauki mahaifiyata zuwa gidanta ba tare da ta taɓa saninmu ba. Hajiya na fama da ciwon suga, maganinta kuma ruwa ya tafi da shi. Matar nan ta nemo wani da kuɗinta, ta bar mata gadonta. Da lokacin salla ya yi, ita ce ta kawo ruwan alwala, ta shimfiɗa tabarma, ta aiki ɗanta ya tambayo alƙibla. Har yau Hajiya ba ta idar da salla ba ta yi mata fatan alheri ba. Haka limamin da ya buɗe masallacinsa, bai tambayi kowa addininsa ba kafin ya ba shi wurin kwana.

Mu mutanen Borno mun ɗanɗana hannun masu da'awar addini marasa tausayi tun 2009, mun binne 'yan'uwa, mun ga marayu sun cika gari. Shi ya sa yanzu idan aka ce mini wane mai addini ne, nakan so in ji yadda yake da mai jin yunwa. Suratul Ma'un muka haddace tun muna makarantar allo: mai ƙaryata addini shi ne mai tunkuɗe maraya, wanda ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini. A cikin ruwan nan na ga masu aiki da ita.

Waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Har yanzu a layinmu akwai zawarawa da ɗakunansu suka rushe, suna kwana a gidajen mutane. Mai buhun siminti ko kwanon rufi, don Allah ya tuna da su. Na gode, na gode.