Sulken soso

Yau na gama sulken hannun da zan saka a bikin shigar jaruman fim. Soson EVA ne, irin na masu takalma a kasuwar Taminus, na lulluɓe shi da Worbla, wata irin roba mai falle-falle. Sai ta sha zafi kusan digiri 90 take laushi, sanyin Jos kuwa ba ya jira, kafin ka lanƙwasa ta sandare.

Ina shafa fentin azurfa Baba ya shigo, ya ƙwanƙwasa da farce, ya jinjina. "Kai, ba nauyi! Ina ma mahayan Sarki masu lifidi su samu irinsa ranar hawan Sallah." Ya zura hannu ciki har da dunƙulewa, mutumin da kullum yake cewa wasan yara nake. Ina ganin na gaba da awon hannunsa zan yanka.