Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hannu Ya Kai Kunne

Makon jiya na tsaya a inda aka yaye ƙaramar tawa, kakarsu Hajiya ta zo da kanta daga ƙauye ta goya ta suka tafi. Yau kuma labarin yayanta ne, wanda ba za ku ji sunansa na yanka a bakina ba. Na san wasu za su ce zamani ya wuce wannan. To ni dai gidan da na tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kuma har yau harshena bai iya ba. "Kai" nake ce masa, in na ji haushi kuma "wannan yaron". Ga shi ya ci sunan kakansa, don haka su ma dangin ubansa ba mai faɗa, kowa Abba yake kiransa.

A 2023 ya cika shekara shida. Ba mu sa shi nazare ba, allo kawai yake zuwa a zauren malamin layinmu. Da niyyarmu wata makarantar kuɗi ce can bakin titi, sai ga cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Babansu ya zauna da biro bayan sallar isha'i ya lissafa kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, ya ajiye biron bai ce komai ba. Da safe ya ce firamaren gwamnati ta bayan unguwa ma ai makaranta ce, shi ma irinta ya yi.

Ana ba da dogon hutu wajen ƙarshen Yuli, 'ya'yan wan babansu suka shirya tafiya ƙauye, Hajiya ta aiko: "A haɗo mini da maigidana, kada matan birni su ƙwace mini shi." Haka take ce masa, ita kuwa ƙaramar kishiya ce. Aka zuba su a mota ta hanyar Katsina, a wuce Dawanau, a sauka kafin Bichi, sauran tafiyar kuma sai babur. Gida ya yi mini faɗi. Keken ɗinkina ya samu sarari, ba mai taka mini feda ko ya kwashe mini maɓallai, amma kullum sai na tsinci kaina na dama koko ya fi ƙarfin mutum biyu.

Sati biyar sannan na je ɗauko su, a tsakiyar marka, ruwa ya kwana ya wuni. Na tarar da shi tsugune a gindin murhu, ya yi baƙi wuluk, ƙafa duk kaushi, yana gasa tumu. Wanda bai san tumu ba ya yi asara. Kan gero ne sabo wanda bai gama bushewa ba, a karyo shi daga gona, a juya a garwashi har ya fara ƙamshi yana fashewa, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki. Ya murje ya miƙo mini kamar wani tsohon manomi. Na karɓa ban dube shi ba, Hajiya na zaune. Ya iya ɗaure akuya a turke, ya san kunyar gyaɗa da ta wake, ya kuma sanar da ni cewa shi Kano ba da shi ba.

Da daddare aka taɓo zancen makaranta. Hajiya ta ce, "Zo nan maigida. Ɗora hannunka ta tsakiyar kai, ka kamo mini wancan kunnen."

Ya ɗora. Yatsu suka tsaya a sama kaɗan. Sai ya karkatar da wuya a hankali har ya cafko.

"Au, maguɗi tun yanzu? To ai ka isa boko."

Ta ce haka aka yi wa babban ɗanta a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe karatun firamare kyauta, wanda ake ce wa UPE. Ba wanda ke da takardar haihuwa, sai mai unguwa ya bi gida-gida, yaron da hannunsa ya kai kunne a rubuta shi. Ta ce akwai matan da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Na tambaye ta ko ita ma ta ɓoye nata. Ta ce rumbunsu cike yake da dawa a shekarar, ba don haka ba.

Tsarabar da muka zo da ita ba gyaɗa da masara kaɗai ba ce. Kwana uku da dawowa jikinsa ya yi rau da zazzaɓi. Masu bin gidaje suna raba maganin zazzaɓin damina 'yan ƙasa da shekara biyar suke ba wa, ƙanwar ta samu, shi ya wuce layi. Aka gwada jini, cizon sauro ne, ya sha ƙwayoyinsa na kwana uku. Ina jinya ina ɗinka yunifom. Na yanka shi da girma, na naɗe ƙafar wandon sau biyu ta ciki, don yadin da na sayo a Kantin Kwari ba na shekara ɗaya ba ne.

Ranar Litinin ɗin da aka koma a watan Satumba, tun asuba na tashi. Koko da ƙosai, man shafawa har wuya, littafi biyu da fensir a jakar da ta kusa kai masa gwiwa. Babansu ya riƙe hannunsa. A zaure ya waiwayo.

"Umma, ke ba za ki ba?"

"Wuce mana, ka tsare ni da ido."

Suna shan kwana na zari hijabi, na ce wa maƙwabciyata zare zan sayo. Ta yi dariya, ta san akwai zare cike da gwangwani a ɗakina. Na bi ta lungu na laɓe jikin katangar makarantar, inda ginin ya ɗan zube. Ajin 'yan ɗaya ya cika maƙil, benci na gaba-gaba ne kawai, saura suna kan tabarma, rabinsu na kuka. Na hango shi can gefe, ya rungume jaka a ƙirji, bai yi kuka ba. Ni ce na yi, na goge da bakin hijabi, na biya shago na sayi zaren da ba na buƙata.

Da azahar ya dawo ba fensir, wando ya warware a ƙafa ɗaya. Yana cin abinci ya ce malama ta kira sunan kowa ban da shi. Washegari babansu ya je ya ji dalili. Ashe sau uku ta kira sunan yankan nasa, yana zaune a gabanta yana waige tare da sauran yara, ana neman mai sunan. Ta sa masa alamar bai zo ba.

Da ya dawo yana ba ni labari, dariya ta hana shi magana. Da ya natsa sai ya ce, "To yanzu tsakanin ni da ke, wa zai koya masa?" Shi sunan mahaifinsa ne, ni kuma ɗan farina ne. Yadda muka ƙare da aron bakin maƙwabciya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.